Ƙuri'ar da Aka Kaɗa a Kan Gawar Lawali

Na sauka Guangzhou da jaka biyu da lambar wayar wani mutum wanda har yau bai ɗaga ba. Yayana ne ya turo ni daga Maraɗi in sayo masa kayan yara, ya kuma rantse mini cewa mutumin amininsa ne, yana can yana jirana. Na tsaya a filin jirgi ina ta kira har wayata ta kusa mutuwa. Sai ga wani baƙar fata ya matso, ya ce ya ji ina tsaki irin na Hausawa, ko da abin da zai taimaka. Na ji kamar in rungume shi. Ya sa ni a tasi, ya kai ni ƙofar wani otal, ya karɓi ƙaramar jakata ya ce in jira ya shiga ya kama mini ɗaki. Ashe otal ɗin ƙofa biyu gare shi. Allah ya taimake ni fasfona yana aljihun wandona, amma rigunana da kilishin da gyatumata ta ƙulle mini duk sun bi ɗan'uwa.

Kalmar da na fara koya a garin ita ce "meyo", wato babu. Duk otal ɗin da na shiga, kafin in buɗe baki mai tsaron teburi ya kalli fuskata ya kaɗa hannu, meyo. Da la'asar na zube a kan benci gaban wani shagon taliya, na gaji da yawo, na gaji da kaina. Mai shagon, wani ɗan ƙasar sanye da farar hula irin ta Musulmi, ya fito ya dube ni ya yi mini wata magana da sai da na yi tunani kafin na gane sallama ce. Ya ba ni taliya mai zafi, ya ƙi karɓar komai, sannan ya bar wa matarsa tukunya ya ja ni cikin lungunan Dengfeng, unguwar da mutanenmu suka fi zama. Ya ƙwanƙwasa wata ƙofa a bene, ya nuna ni da hannu, ya juya. Ban taɓa sanin sunansa ba.

Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Alhaji Nababa, Bakano, gajere mai tumbi, mai harkar tura kaya gida a kwantena. Ya fi kowa a cikinmu daɗewa a garin.

"Daga ina?" ya tambaye ni.

"Maraɗi, Alhaji."

"To ai gida ne. Katsinawan da suka ɓata hanya. Shigo, cire takalminka, ga buta can."

Bai tambayi sunan ubana ba, bai tambayi abin da ke aljihuna ba. Ya nuna mini katifa a wani ɗaki da ake kira ɗakin baƙi, inda duk sabon zuwa yake kwana har ya san gari. Ya ba ni rigarsa, wadda ta yi mini faɗi ta kuma gaza kai mini gwiwa. Duk abin da zan faɗa a kansa nan gaba, a riƙe wannan a zuciya, don ni ban manta ba.

A katifar kusa da tawa Lawali yake kwana. Ɗan Damagaram ne, dogo, siriri, ya girme ni sosai, kuma yana da wani tari da ba ya rabuwa da shi. A gida malamin makaranta ne, a nan kuwa jagoran 'yan kasuwa, yana raka su shago-shago yana yi musu ciniki. Bakinsa ya fi wuƙa kaifi, amma shi ya koya mini garin. Shi ya kai ni Canaan, kasuwar tufafi ta sari, ya nuna mini yadda lawban, wato mai shago, zai shimfiɗa maka samfuri mai kyau kamar na ɗan gwamna, sannan ya cika maka kwali da wanda zip ɗinsa ba ya ja. Ban ji maganarsa ba sai da aka yi mini. Kwalayen farko da na tura wa yayana rabinsu wandunan yara ne masu ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Lawali ya yi dariya har tarinsa ya tashi, sannan ya ja ni muka koma shagon, ya zauna a kan kujerar matar ya ƙi tashi har ta yarda ta canza mini.

Wata rana muna yawon neman takalma a tsohuwar unguwar Liwan, muka wuce wani shago cike da gidaje da motoci da riguna, duk na takarda. Na ce kayan wasan yara ne, in saya wa yayana.

"Na matattu ne, ƙanena," in ji Lawali. "Ƙone su ake yi, wai su bi mamaci. Shi ma mamacin ƙone shi ake yi."

Na tsaya cak. Ya bayyana mini cewa haka al'adar yawancin mutanen garin take, Musulminsu kaɗai ke da maƙabarta. Baƙo irinmu in ya mutu, sai an sami wanda hukuma ta sani ya tsaya masa, ya ce nasa ne. In ba a samu ba har wa'adin da suka ɗiba ya cika, to a bi da shi yadda ake bi da kowa.

"Ni ba na tsoron mutuwa a garin ga," ya ce, ba ya ko dubana. "Wanga abu nike tsoro. Ban jin Sinanci kamar Alhaji, ban da kowa nan sai Allah. In ta same ni kana kusa, kada ka bari a sa ni wuta."

Na ce haba, wace irin magana ce wannan da rana tsaka. Ya ce in dai amsa masa. Na amsa.

Wannan tsoron shi ya haifi ƙungiyarmu tun kafin in zo. Haɗaka ce ta Musulmin yammacin Afirka mazauna garin, kowace ƙasa da kujerarta: Najeriya, Nijar, Ghana, Mali da sauransu. Hausa ce ke haɗa mu, ko da ta wasu sai ka kasa kunne. Alhaji Nababa ne shugaba, don shi ya fara tsaya wa gawar wani bawan Allah shekarun baya, tun daga nan kuma jami'an unguwa suka san fuskarsa. Ba wanda ya taɓa zaɓensa, ba wanda ya taɓa tunanin cire shi. Wakilin kowace ƙasa ma shi yake nunawa da yatsa. Namu na Nijar wani attajiri ne da ya koma Dubai da zama, ni dai ban taɓa sa shi a idona ba. Ana taro bayan Juma'a a gidan abincin Hajiya Ladi, 'yar zangon Kumasi, wadda ta mai da falon gidan hayarta wurin sayar da tuwo. Alhaji ya faɗi abin da ya yanke, a ce madalla, a ci tuwo, a watse.

Tafiyar da na yi niyyar ta 'yan makonni ta zama ta shekaru. Yayana ya ga ina da amfani a can, abokansa ma suka fara aiko mini da saƙo, na kama ɗan ɗaki da sito na tara kwalaye. 'Yata da na bari tana rarrafe ta fara gaishe ni a waya kamar tana gaida baƙon ubanta. Kewar gida ba da ƙarfi take zuwa mini ba, a hankali take ci. Sai in ga kaina a cikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari, an bar kujerar kusa da ni babu kowa duk da cunkoso, ina tunanin furar da ake damawa a ƙofar gidanmu. Na gaji da zafin garin mai danƙo, na gaji da nuna fasfo, na gaji da murmushi ga mutanen da na san za su cuce ni in na kau da ido.

Sai aka shiga wani lokaci na tsanani. 'Yan sanda suka fara bin gidaje suna duba biza. Wata safiya Alhaji ya shigo ɗakin baƙi ya ce ya zauna da mai gidan da jami'an unguwa, sun yi yarjejeniya: daga yau wanda bizarsa ta ƙare ba zai ƙara kwana a nan ba. Yawancin waɗanda abin ya shafa 'yan Nijar ne, har da Lawali, wanda tasa ta daɗe da mutuwa. Aka fito musu da kayansu ana ruwa. Na kai Lawali sitona, na jera masa kwalaye ya yi gado.

A taron Juma'ar da ta biyo, kafin a kawo tuwo, Lawali ya miƙe.

"Alhaji, ba mu ce ka ci amana ba. Wataƙila ma abin da ka yi shi ne daidai. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ɗakin ga na ƙungiya ne, ƙungiya kuwa ta ƙasashe ce, ba ta mutum guda ba. Wa ka tambaya? Ina wakilinmu? Mu ina muke zuwa mu ce ba mu yarda ba?"

Alhaji bai yi fushi ba, ko kuma bai nuna ba. Ya gyara hularsa ya ce, "Gaskiyarka, Malam Lawali. To ga jama'a nan. Wanda bai yarda da abin da na yi ba ya ɗaga hannu."

Wanda bai san mu ba zai ce wannan adalci ne. Amma a ɗakin nan babu wanda bai taɓa kwana a katifar Alhaji ba. Shi ne mai masaukin kowa, kuma Bahaushe ba ya ɗaga hannu a kan mai masaukinsa yana kallonsa, ko da kuwa a waje ya fi kowa gunaguni. Kara ce, da ita aka haife mu. Na ga mutanen da suka cika mini kunne da ƙorafi a kasuwa sun sunkuyar da kai suna duba farcensu. Mu 'yan Nijar kaɗai muka ɗaga, ni ma nawa hannun bai wuce kunnena ba.

Lawali ya ce wannan ba ƙuri'a ba ce, kunya ce. Ya ce a rataya labule, a ajiye kwano biyu a bayansa, a ba kowa ƙwallon dabino ya shiga shi kaɗai ya jefa inda zuciyarsa ta so. Aka kwashe da dariya. Wani ɗan Kantin Kwari ya ce daga baya, "Ikon Allah, ku da soja ke mulkinku ku ne za ku koya mana zaɓe?"

Maganar ta soke mu, don a kwanakin nan ne labari ya zo cewa ƙasarmu ta fice daga ƙungiyar ƙasashen yankinmu, ana ta gardama a kai a kowane shagon waya. Lawali ya ɗauki jakarsa ya ce, "To madalla. Can an hita, nan ma mun hita." Muka bi bayansa, Hajiya Ladi tana kiranmu mu dawo ga tuwo ya nuna.

A kan matakala zuciyata ta yi fari, ba zan ɓoye ba. Amma da na kwanta na yi ta juya abin. A gida sojoji sun ce sun fitar da mu ne don manyan ƙungiyar ƙasashen ba sa jin ta bakin talaka. Gaskiya ne, ba wanda ya taɓa tambayar gyatumata. Sai dai ranar da za a fita ma ba wanda ya tambaye ta, a rediyo ta ji kamar yadda ta ji shigar. Mu a nan aƙalla da ƙafarmu muka fito, da wannan na lallashi kaina na yi barci.

Muka kafa tamu ƙungiyar. Muka rataya labule a sitona, muka jefa ƙwallon dabino, muka zaɓi Lawali. Ya yi daɗi na ɗan lokaci. Kowa yana magana, kowa ana jin ta bakinsa, taro ba ya ƙarewa. Matsalar ita ce babu wanda ya san mu a wajen sito. In aka tsare ɗayanmu muka je ofis, sai a tambaye mu ina Alhaji.

Can kuma fitarmu ta girgiza su. Mutanen Ghana da na Mali suka ce su ma za su bi mu in ba a gyara ba. Alhaji ya sassauto, aka rataya labule a gidan Hajiya Ladi, aka kafa doka cewa shugaba ba zai ƙara tsayawa gaban hukuma da sunan ƙungiya ba sai an jefa ƙuri'a. Da na kawo wa Lawali labarin ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, ya ce, "Sai da muka bar gidan suka toshe yoyon." Na ce to mu koma mana. Ya ce a'a, a bari su zo su roƙe mu. Su ma ashe jira suke mu je mu roƙe su.

Tarin ya ci gaba da cin Lawali. Ya daina iya hawa matakalar Canaan, ya rame har kafaɗunsa suka fito. Na yi na yi da shi mu je asibiti, ya ƙi, don asibiti fasfo ake fara tambaya. Hajiya Ladi, duk da mun fita, kullum sai ta aiko masa da farfesu a ɓoye. Ranar da ya kasa tashi sallar azahar na daina neman izininsa, na ɗauke shi a tasi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya kwana ɗaya a asibitin, washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Ban samu damar kuka ba. Wani ɗalibi ɗan Zariya da ya yi mana tafinta ya ce ga abin da suka faɗa: gawar tana ɗakin sanyi, sai an kawo wanda hukuma ta sani ya tsaya mata, ya kuma amsa tambayar inda marigayin yake zaune duk tsawon lokacin da ba shi da biza. Akwai hanyar ofishin jakadanci, amma doguwa ce, sai an nemo danginsa a ƙauye, sai takardu sun je sun dawo, wa'adin da aka ba mu kuwa gajere ne. Na ce ni zan tsaya. Jami'in hukumar da ke kula da lamarin ya dubi fasfona, biza ce ta ɗan kasuwa mai shiga da fita, ya mayar mini. Na ce muna da ƙungiya. Ya tambayi sunanta, ya girgiza kai.

Daga nan ofishin Alhaji Nababa na nufa. Rabona da shi tun ranar da na ɗaga hannu. Na same shi a cikin kwalaye, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa. Ya yi salati.

"Allah ya jiƙan Malam Lawali," ya ce. "Isuhu, da a da ne, da yanzu mun kama hanya ni da kai. Amma ka san abin da aka kafa. Ba ni da ikon kai sunan ƙungiya ko'ina sai an jefa ƙwallo. Ku kuka koya musu."

"Alhaji, gawa ce hwa."

"Na sani, ɗana. Gobe zan tara mutane. Wa zai ƙi gawa?"

Ni ma haka na ɗauka. Washegari aka cika gidan Hajiya Ladi. Da yake ni ba ɗan ƙungiya ba ne, a bakin ƙofa na tsaya cikin takalman mutane, ina jin komai. Alhaji ya faɗi gaskiya bai rage ba: in ƙungiya ta tsaya wa mutumin da ba shi da biza, za a yi bincike, kuma bincike in ya fara ba a san inda zai tsaya ba. Aka ba da damar magana. Duk wanda ya miƙe cewa yake Musulmi ne, haƙƙinsa ne a kanmu, abin da ya wuce ya wuce. Har ɗan Kantin Kwarin nan ya yi magana mai daɗi, ya kawo hadisi. Ba wanda ya ce a'a. Na ji sanyi a raina.

Sai aka raba ƙwallayen dabino. Ɗaya bayan ɗaya suna shiga bayan labule, ina jin ƙarar faɗuwar ƙwallo a kwanon silba, amma ba na iya rarrabe wanne kwano ne. Da aka gama Hajiya Ladi ta yaye labulen ta fito da su. Ba sai an ƙirga ba. Kwanon a'a ya fi cika, nesa ba kusa ba.

Sannan kowa ya fara salati yana duban na kusa da shi, kowa da mamaki a fuskarsa, kamar aljanu ne suka shiga suka jefa. Hajiya Ladi ta dire kwanukan ta ce, "Yau ba tuwo. Kowa ya tafi ya ci a gidan da ya koyi wannan hali."

Na daɗe ina jin haushinsu, amma yanzu na rage. Rabinsu akwai ƙani ko abokin ciniki da suka ɓoye a ɗaki, akwai wanda kayansa ke kan ruwa, akwai mai iyali a gida da ba su da kowa sai shi. Da hannu aka ɗaga, ba mai iya ƙin gawa a gaban mutane, kunya za ta ɗaga masa hannun ko ba ya so. Labule ya cire kunyar, ya bar kowa da tsoronsa. Lawali ya yi gaskiya da ya ce ɗaga hannu ba ya nuna abin da ke zuciya. Abin da bai lissafa ba shi ne wata rana za a tambayi zukatan a kansa.

Na koma sito na zauna a kan kwalayen da yake kwanciya. Na tuna shagon nan na Liwan. Na yi masa alkawari da rana tsaka, ga shi ba ni da abin cika shi. A rayuwata ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba.

Da sassafe aka buga ƙofa. Alhaji ne, sanye da babbar riga, da hular da yake sawa in zai ga hukuma.

"Tashi mu je," ya ce.

"Alhaji, ƙuri'a..."

"Na ji ƙuri'a, ai a gabana aka yi. Ɗauko fasfon Malam Lawali."

A ofishin hukuma ya yi magana da Sinancinsa mai ƙamshin Kano, ya ce marigayin na ƙungiyarsa ne, shi ya tsaya masa. Da aka zo tambayar inda yake kwana, na san amsar gaskiya sitona ce, kuma wannan ya isa a kore ni daga ƙasar. Alhaji bai ko dube ni ba. Ya ce a ɗakin baƙi na ƙungiya.

Aka ba mu Lawali. Mu muka yi masa wanka, ni da Alhaji da wani tsohon limami ɗan ƙasar. Aka binne shi a maƙabartar Musulmi a gefen wani tudu mai itatuwa, ƙasar wurin ja ce mai laushi. Mutane sun zo da yawa, sahu ya cika da waɗanda suka jefa a'a da waɗanda suka jefa i, ba mai iya rarrabewa. Da na zuba masa ƙasa ne kukan ya zo mini, na kuma bar shi ya zo. Ba a sa shi a wuta ba.

Abin da masu a'a suka ji wa tsoro bai ɓata lokaci ba. Cikin makon aka zo ɗakin baƙi da bincike, aka rufe shi, aka bi gidajen da ke kusa. An kama wasu samari 'yan Najeriya da wani ɗan Mali aka mayar da su gida, ɗaya daga cikinsu ƙanen ɗan Kantin Kwarin nan ne. Sabbin zuwa suka koma kwana a benci. Ni da na ɓoye mutumin ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Aka kira taron tsige Alhaji. Laifinsa a fili yake: jama'a sun yanke hukunci, ya take shi, ya jawo musu abin da suka guje wa. Irin laifin da Lawali ya miƙe a kansa ne, babu bambanci ko na ƙwayar gero. Na je da niyyar in yi magana, in faɗa musu inda Lawali yake kwana da gaske, in faɗa musu abin da mutumin nan ya rufa mini. A bakin ƙofa wani abokina ɗan Ghana ya sa hannu ya tare ni.

"Yi haƙuri, Isuhu. 'Yan ƙungiya kaɗai. Ka san doka."

Na san ta. Na tsaya cikin takalma kamar wancan karon, ina jin ƙwallaye suna faɗawa a kwano. Ba a daɗe ba. Aka buɗe ƙofa, Alhaji ne ya fara fitowa, shi kaɗai, ba mai bin bayansa. Na lalubo takalmansa na ajiye masa. Ya dafa kafaɗata ya sa ƙafa ɗaya, ya sa ɗayar, yana numfashi irin na tsofaffi.

"Sun cire ni," ya ce. "Kuma sun yi daidai, in dai doka doka ce."

Muka fara sauka a hankali, yana riƙe da ni. A tsakiyar matakala ya tsaya ya dube ni.

"Kai da kana ciki, Isuhu, wanne kwano za ka jefa?"

Na buɗe baki in ce na goyon bayansa, sai na tuna Lawali. Mutumin da na binne ba zai jefa masa ba, na sani, ko da yake Alhajin ne ya fitar da shi daga wuta. Ni kuwa na ci tuwonsa, na sa rigarsa, kuma saboda ƙaryarsa nake tsaye a garin.

"A'a, kada ka faɗa mini," in ji Alhaji. "Ai don haka aka sa labulen."

Ya saki kafaɗata ya kama ƙarfen matakala, ya ƙarasa sauka da kansa.